Injin da Kishi Ya Zaɓa

Ranar da Ferney ya fara ganin Yurany, tura keke take yi, ba hawa ba. Ana ɗan yayyafin safe irin na garin Manizales mai tuddai, ga akwatuna biyu cike da arepa a bayan keken, wainar masarar da uwarta Doña Nubia ke gasawa ana kai wa shaguna, ga kuma hawan tudun da ake kira Tanki a gabanta tsaye kamar bango. Ta zo daidai ƙofar ɗan shagonsa na gyaran keke, ta tsaya tana haki.

"Malam, ka ara min famfo."

Ya ɗago kai daga tayar da yake ɗaurewa. Ya dube ta, ya dubi tayarta, ya sake dubanta.

"Iskar tayarki lafiya lau take. Ke ce iska ta ƙare wa."

"Na tambaye ka?"

"A'a, Sarauniya. Kyauta na faɗa."

Ba ta so yin dariya ba, amma ta yi. Ya zuba mata kofi daga fulas ɗinsa, ta buɗe akwati ta ba shi arepa ɗaya mai zafi, don 'yar Doña Nubia ba ta shan abin mutum ta wuce hannu sake. Tun daga ranar, tayar nan ta riƙa neman iska kullum da safe, daidai ƙofar shagon. Ita tana ce masa Mai-maiko, saboda hannunsa bai taɓa fita tas ba. Shi kuma Sarauniya ya riƙe, bai sake ba.

Da rana yakan rubuta mata: "Sarauniya, na ci arepar gidan wasu yau. Na yi nadama. Ki yafe min."

Ita kuma ta mayar: "Cin amana tun yanzu? Gobe rabi za ka samu, Mai-maiko."

Doña Nubia ba ta yi boko ba, amma ta san yawan arepar da ke fita gidanta da yawan kuɗin da ke dawowa. Mako biyu ta lura guda ɗaya na ɓacewa kowace safiya.

"Wa ke cin tawa?"

"Mai gyaran keke ne, Mama, na gindin hawa."

"Ɗan Don Evelio? Wanda shagonsa bai kai ɗakin girkina ba?" Ta juya arepa a kan wuta. "'Yata, ba ga Duván ba? Shagonsa na gilashi a babban titi, yana da mota, kuma duk Lahadi sai ya gaishe ni bayan coci ya tambaye ki. Ki bar mai shagon gilashi ki tafi wurin mai facin taya?"

"Mama, Duván kowa yake tambaya."

"Ke dai na ce yana tambaya."

Maganar ta isa kunnen Ferney, don a unguwar nan ba a ɓoye komai ya kwana biyu. Daga lokacin, ko sunan Duván aka kira sai ya ji kamar ya haɗiyi ƙusa.

To, ana haka Yurany ta gama tara kuɗin da ta shekara tana tarawa. So take a sa wa kekenta injin lantarki, ta huta da turawa, ta kuma ƙara shaguna uku da ke can saman Tanki. Ta zo ta zauna a bencin Ferney, ta haɗa gwiwoyi.

"Ka faɗa min gaskiya, ni ban san komai a kai ba. An ce iri biyu ne."

"Iri biyu ne," ya ce. "Akwai na taya, wanda ke zaune a cibiyar tayar baya, shi kaɗai yake juya ta, ba ruwansa da sarƙa. Arha, shiru, ka sa ka manta. Shi nake sawa. Akwai kuma na tsakiya, wanda ake ɗaurawa a wurin feda. Shi da sarƙa da giya yake aiki, kamar ƙafarki. Kuɗinsa ya ninka na taya biyu da ɗoriya, kuma yana cin sarƙa."

"Wanne zai hau Tanki da akwatuna biyu?"

Nan ne fa. Ferney ya san amsar kamar sunansa. Injin taya ba shi da giyar da zai sauka in hawa ya yi tsanani. In aka ɗora masa kaya a tudu irin wannan, tafiya za ta ragu, ya yi ta ɗaukar zafi har ya ɗauke. Na tsakiya ne maganin Tanki. Amma duk yankin mutum ɗaya ne ke sayar da na tsakiya, Duván. Kuma Duván yana da ƙa'ida: wanda ya sayi injinsa sai ya kawo keken shagon sau ɗaya kowane wata a duba, har shekara, in ba haka ba garanti ya mutu.

Sau goma sha biyu. Ferney ya ga Yurany zaune a kujerar shagon gilashi sau goma sha biyu, Duván yana miƙa mata kofi a kofin tangaran, yana sunkuyawa kusa da ƙafarta wai yana duba feda.

Ya goge hannu da tsumma, bai dube ta ba.

"Na taya ya ishe ki."

"Ka tabbata?"

"Ke nawa ne nauyinki? Kamar tsuntsuwa. Zai ɗauke ki."

Ta yi murmushi, ta zaro kuɗin ta ba shi. Kwana biyu ya yi yana ɗaura injin, ya ja kowace wayar taya da kansa, ya lulluɓe batir don ruwa. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba mai cewa a'a. A babban titin da ke bin saman tudu keken ya riƙa tafiya kamar ana busa shi, Yurany tana ihu tana dariya. Da yamma ta rubuta masa: "Mai-maikona, yau na ji kamar ina da fukafukai. Allah ya bar min kai."

Ya karanta sau uku. Sannan ya kifa wayar a kan benci, ya koma kan aikinsa.

Makon farko injin ya hau Tanki yana gurnani, ita tana taimaka masa da ƙafa. Sai ta karɓi shagunan nan uku na sama, akwati ya zama uku. Ranar Talata, rana ta fito da wuri, tana tsakiyar hawan, inda ba gaba ba baya, keken ya yi wani nishi ya ɗauke. Ta taɓa cibiyar tayar, ta janye hannu da sauri. Warin wayar da ta ƙone ya taso. Ga keken ya ƙara nauyin inji da batir, turawar ma ta fi ta da wuya.

Tana cikin wannan sai ta ji ƙarar wani keke yana hawowa a hankali, ba ko tangarɗa. Marleny ce, mai kai furanni, kyakkyawa mai jan baki, da bokitai huɗu a baya. Ta taka burki.

"Ayya, Yurany! Injin taya kika sa a wannan hawan? Wa ya cuce ki?"

"Me ya samu injin taya?"

"Ba ya Tanki da kaya, kowa ya sani. Ni ma shi na je saya wurin Ferney watan jiya, ya ƙi sayar min. Ya ce, 'Marleny, ba zan ci kuɗinki ba, hanyarki ta injin tsakiya ce, je ki wurin Duván.' Har takarda ya rubuta min. Mutumin kirki, wallahi." Ta gyara gashinta. "Ki gaishe min da shi."

Ta wuce sama, furanninta na rawa.

Yurany ta tura keken har ƙarshe. Shago biyu suka ce sun riga sun sayi na wasu, ɗaya ya ce kada ta ƙara zuwa. Ba ta yi kuka ba sai da ta gangaro ta tsaya a ƙofar Ferney.

"Sarauniya, me ya..."

"Kada ka ƙara kirana haka. Marleny tana gaishe ka."

Ya ajiye sifana a kan benci.

"Ita ka faɗa wa gaskiya. Ita ka ji tsoron kada ta wahala a hawa. Har da takarda! Ni fa? Ni ce wadda ake sayar wa abin da ba ya aiki?"

"Ba haka ba ne..."

"Tun yaushe take zuwa nan? A bencin nan take zama? Kofin fulas ɗin nan take sha?"

"Sau ɗaya ta zo, na rantse!"

"Sau ɗaya, ta samu gaskiya. Ni wata biyar ina zuwa, na samu ƙarya. Ashe da na sa jan baki."

Ta jingine masa keken a jikin ƙofa, ta ɗauki akwatunan a ka da hannu, ta tafi.

Ya rubuta mata saƙo bakwai a ranar. "Sarauniya, ki ɗauki waya." "Marleny ba kowa ba ce." "Ki bari in yi bayani." Duk ta karanta, ba ta amsa ba. Sai washegari guda ɗaya ya shigo: "Ka rubuta wa Marleny, ta fi son takardunka."

Kwana huɗu bai ga ko inuwarta ba. Ran na biyar wani direban tasi da ya kawo masa faci ya ce, haka kawai, ya ga Doña Nubia da 'yarta sun shiga shagon gilashi. Ferney ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya wanke hannu da omo har sau uku, ya sa kuɗin injin a ambulan, ya nufi gidansu.

Ya tarar da Doña Nubia tana murza ƙullun masara. Yurany na can gefe tana jera akwati, ta ba shi baya.

"Barka da rana, Doña Nubia."

"Barka. Kai ne mai cin arepata."

"Ni ne." Ya ajiye ambulan a kan tebur. "Kuɗin injin ne, cif. Kuma na zo in faɗi abin da na yi. Na san injin taya ba zai hau Tanki da kaya ba. Tun kafin in ɗaura na sani."

"To me ya sa? Kwaɗayin kuɗi?"

"A'a. Duván."

Tsohuwa ta tsayar da hannu.

"In ta sayi na tsakiya, sai ta je shagonsa duk wata, har sau goma sha biyu. Na ƙirga. Na kasa. Marleny kuwa, ta je wurin Duván sau ɗari, ta kwana a can in ta so, ba abin da ya dame ni. Shi ya sa na iya faɗa mata gaskiya."

Yurany ba ta juyo ba, amma hannunta ya daina jera akwati.

Doña Nubia ta buɗe ambulan, ta lashi yatsa, ta ƙirga kuɗin a gabansa, ba ta ji kunya ba. Sannan ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, ka san abin da ka yi? 'Yata ta ba ka amanar abincinta, ka sa mata abin da zai tsayar da ita a tsakiyar tudu don kada wani namiji ya ce mata sannu. Yau inji ne. Gobe in ta yi ciwo, likitan namiji ne, sai ka kai ta wurin mai maganin shanu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni Duván nake so mata, ban ɓoye ba. Mun je jiya, ya yi mata ragi, ya ba ni kujera mai taushi."

"Mama," Yurany ta ce a hankali, ba ta juyo ba har yanzu, "ba na son Duván."

"Na sani, ai ba makauniya ba ce ni. Kwana huɗu kina ƙona min arepa." Ta koma kan Ferney. "Kana sonta da aure?"

"Ina sonta, Doña."

"To ji sharaɗina. Gobe kai za ka tura keken nan da hannunka har shagon Duván, ka ce masa ya sa mata nasa. Bayan haka, duk wata za ta kai keken a duba. Ita kaɗai. Ba ka binta, ba ka kiranta, ba ka tambayar me ya ce me ta ce. Sau goma sha biyun da ka ƙirga, ni ma zan ƙirga. In ka cika, ka turo mahaifinka. In ka kasa ko sau ɗaya, in ƙara wata."

Haka aka yi. Washegari unguwa ta ga Ferney yana tura keken a babban titi kamar mai rakiyar gawa. Duván ya fito ƙofa da farar rigarsa, yana ƙamshin turare.

"Ah, oga Ferney da kansa! Injin taya a Tanki? Haba, abokina, ko ɗan koyo ba zai yi wannan ba."

"Ka sa mata naka, mai kyau."

"Kada ka damu. Zan kula da ita sosai." Ya ɗan dakata. "Keken nake nufi."

Ferney ya cije leɓe har ya ji gishiri, ya fita.

Injin tsakiya kuwa ya yi aikinsa. Yurany ta riƙa sauke giya a gindin Tanki, keken ya hau da akwati uku kamar akuya. Shagon da ya kore ta ya dawo yana roƙo. Ta koma tsayawa a ƙofar Ferney da safe, amma sai da ta yi wata guda tana ba shi rabin arepa, kuma duk ranar da ta ga ganyen fure a ƙasan shagon sai ta ɗauka ta juya shi.

"Wannan fa?"

"Iska ce ta kawo, Sarauniya."

"Iska mai jan baki?"

Ranar Asabar ta farkon kowane wata ita ce ranar azabarsa. Ƙarfe goma za ta wuce ta gabansa, ta yi wanka, ta kaɗa masa ƙararrawa. Shi kuma ya zauna ya kwance tayar da ba abin da ya same ta, ya sake ɗaurewa. Na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Doña Nubia tana ɗaura ƙulli a igiyar da ke rataye bayan ƙofar kicin, ɗaya kowane wata.

A na bakwai Yurany ta tafi da sabuwar riga ruwan ɗorawa. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Ƙarfe ɗaya saura kwata hannunsa ya ɗauki waya da kansa.

"Sarƙa ɗaya ake dubawa awa uku?"

Amsar ta zo nan take: "Mai-maikona, ina gida tun sha ɗaya. Mama ce ta ce in biyo ta bayan kasuwa mu gani. Tana kusa da ni. Ta ce in gaya maka sha uku ne yanzu."

Ya kifa kai a kan benci. Can wani saƙon ya shigo: "Rigar kai na saya wa, sakarai. Ka zo ka gani."

Daga nan bai ƙara faɗuwa ba. Ba wai kishin ya tafi ba ne, yana nan daram, sai dai ya koyi zama a kansa. A wata na goma wata matar aure ta zo neman injin taya, ya tambaye ta hanyarta, ta ce asibiti zuwa jami'a a kan babban titi, ya ce na taya ya ishe ta har da saura. Wani mai kai iskar gas saman Tanki ya zo, Ferney ya ce masa ya tafi wurin Duván. Da Yurany ta ji, ta tambaya ko matar kyakkyawa ce. Ya ce bai duba ba. Ta ce ƙarya yake, amma ta ba shi arepa guda cur har da cuku.

A na sha uku, da yake garanti ya riga ya ƙare, Doña Nubia kuma ta yi sassauci ta bar Don Evelio ya zo an sa rana, katin biki kawai ta kai wa Duván. Ta dawo ta jingine keke, ta tsaya tana jira. Ferney ya zuba mata kofi, ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar tsadar taya.

"Ba za ka tambaye ni me ya ce ba?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Sarauniya, cikina kamar ana soya shi. Amma a'a."

Ta kama hannunsa mai maikon nan da nata biyu, ba ta damu da rigarta ba.

An ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwa ranar Asabar da hantsi. Marleny ce ta kawo furanni, amarya ta ƙirga su, ta biya, ta kuma sa aka zaunar da ita can teburin ƙarshe kusa da ƙofa. Bayan an ci an sha aka sa kiɗa, ango ya yi rawar farko da amaryarsa. Ba su gama juyi na uku ba sai ga farar riga da ƙamshin turare.

"Oga Ferney, a ba ni aron amarya?"

Kowa ya juyo. Doña Nubia ta ajiye cokali.

Ferney ya dubi Duván, ya dubi matarsa. Sannan ya ɗauki hannunta ya miƙa.

"Waƙa ɗaya."

Yurany ta janye hannun, ta mayar da shi kan kafaɗar mijinta.

"Ka yi haƙuri, Duván. Ya yarda, ni ce ban yarda ba. Ga Marleny can ba ta da abokin rawa."

Aka fashe da dariya har da Fada, limamin cocin. Doña Nubia ta taso da ƙyar, ta ratsa mutane, ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kan surukinta.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya ba ku zuri'a mai jin magana, ya sa abincinku ya fi ƙarfin cikinku. Kai, ka riƙa faɗa mata gaskiya ko da cikinka na soyuwa. Ke kuma ki rage, don naki kishin ya fi nasa, ni na haife ki. Ku yi rawarku."

Jama'a suka ce amin, mai kiɗa ya ƙara murya.